Shekarar da Na Matsar da Tebur

Na san abin da aka gaya muku game da zamanmu na Jahun. Gwaggonku Asabe, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa a gabanku cewa bakina ne ya kai ni, wai na tsaya gaban manya na yi musu tsiwa, shi ya sa aka tattara ni aka jefa can. A unguwarmu ta Limawa kuma har yau akwai waɗanda in an taɓo zancen sai su rage murya, su ce ai takardar asibiti na gyara wa ubana, asirina ya tonu. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don a lokacin ga aiki a gabana, ga ku ƙanana. Yanzu na yi ritaya, gwiwa ta ƙi, ba ni da sana'a sai korar jikoki daga bakin murhu, to bari in rubuta muku yadda aka yi. Ba tausayi nake nema ba. Ni dai a duk shekarun da na yi ina aiki babu wadda nake alfahari da ita kamar wannan.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ko'ina ka duba siminti ne da bulo. Ina aiki a ɗakin awon jini na wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Mu uku ne, ni kaɗai ce mace. Shugabanmu Oga Lawan mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ya tsani abin da zai sa a kira shi ofishin manya kamar yadda ya tsani zazzaɓi. Cikin ayyukan da aka bar mini akwai wani awo da maza ba sa so, don yana buƙatar zaman jira. Za a ɗebi jinin mutum, a gauraya shi da ruwan da ke hana shi daskarewa, a zuƙe shi cikin wani bututun gilashi dogo siriri kamar alƙalamin kara, a kafa shi a tsaye cikin mazauninsa, a duba agogo. Cikin awa guda jajayen ƙwayoyin jinin za su riƙa nitsewa ƙasa a hankali, su bar ruwa fatsi-fatsi a sama. Sai a karanta tsawon wannan ruwan a jikin bututun. In mutum lafiya lau yake, kaɗan suke sauka. In akwai ciwo a jiki, ƙwayoyin kan manne wa juna su yi nauyi, sai su sauka da sauri. A ɗakinmu cewa muke yi jinin wane ya yi gudu. Awon ba ya faɗar sunan ciwo, amma a wancan zamanin da kayan aiki ba su wadata ba, in likita yana wasiwasi a kan mai tari, gudun jinin nan shi ke karya masa shakka.

Matsalata ɗaya a ɗakin nan ita ce wurin salla. Maza su fita masallaci, ni kuma in shimfiɗa darduma a baranda, masu jinya na tsallake ni, wata ma ta tsaya a kaina tana tambaya ko sakamakonta ya fito. Da abin ya ishe ni na roƙi Oga Lawan ya bari in matsar da teburin awon daga jikin bango zuwa lungun taga, in sami ɗan fili. Ya ce ba komai. Ni da hannuna na kama gefe ɗaya, abokin aikina ya kama ɗaya. Na ji daɗin dabarata ƙwarai, har na riƙa yi wa kaina kirari. Abin da ban lura da shi ba, a wannan lungun ne muke wanke kwalabe, kuma magina sun ɗan karkatar da daɓen wajen don ruwa ya riƙa gangarawa magudana. Tun daga ranar birona bai sake zama a kan teburin nan ba. Da na ajiye shi sai ya mirgina ya faɗi ƙasa. Wata da watanni ina sunkuyawa ina ɗauka, ina zagin biron.

Bayan damina kakanku Malam ya kama tari. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Mutum ne da zaurensa ba ya rabo da jama'a: da safe da yamma 'ya'yan unguwa da allunansu, tsakani kuma manya masu ɗaukar littattafai. Bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, in babu baƙo sai ya aika a kira maƙwabci. Ni Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya rame, rigarsa ta fara yi masa yawa. Da ƙyar na lallaɓa shi ya zo asibitinmu. An duba kakinsa ba a ga komai ba. An tura shi Kano hoton ƙirji, shi ma bai fito da wani abu ƙarara ba. Saura jini, kuma ni ce na ɗiba, ni na kafa bututun, ni na zauna ina kallon jinin ubana yana sauka yana wuce inda nake roƙon Allah ya tsaya. Likita ya duba takardar ya girgiza kai, ya ce alamu sun fi karkata ga tarin fuka. Ya ce a sake ba shi maganin tari na sati biyu, in bai daina ba za a fara masa allura kullum har wata biyu.

Ban san wa ya kai labari Limawa ba, amma ya riga mu isa. Cikin kwana uku zauren ya zama kango. Iyaye suka janye 'ya'yansu, kowa da uzurinsa, wannan ya ce yaron ba shi da lafiya, wancan ya ce an kai shi ƙauye. Ban ga laifinsu ba, amma na ji zafi. Malam da kansa ya daina shiga gaba a masallacin unguwa, ya koma can ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Inna kuma, kakarku, ta ɗauko jan farce ta ɗiga a gindin kwanonsa na sha da na tuwo don kada a haɗa da na yara. Tana ɗigawa tana share hawaye da gefen zani. Ranar da na shiga zaure na same shi shi kaɗai a kan buzu, kwano a gabansa, ya ci loma biyu ya rufe, sai da na koma soro na yi kuka na ƙoshi kafin na iya gaishe shi.

Ranar wata Asabar da hantsi ina tsakar gidanmu, Inna za ta ɗora wake. Ta ɗauko kwalbar da take jiƙa kanwa, ashe yara sun girgiza ta, ruwan ya yi duhu da ƙasa-ƙasa. Ta yi tsaki, ta je ta jingina kwalbar da dutsen murhu a karkace.

Na ce, "Inna, za ta faɗi fa. Kawo in tsayar miki da ita."

Ta ce, "Ke bar min kayana. In na tsayar da ita har azahar ban ɗora tukunya ba. A jingine ta fi saurin kwanciya."

"Wa ya ce miki?"

"Wa zai ce min? Ku 'yan boko komai sai an ce muku. Zauna ki gani."

Na zauna na gani. Ƙasar ba ta da nisan tafiya, ɗan taƙi kaɗan ta taɓa jikin kwalbar ta ɓangaren da ke ƙasa, sai ta silale ta taru a gindi, ruwa garau kuma ya hau ta ɗaya ɓangaren ba abin da ya tare shi. Kafin Inna ta gama tsince waken, ruwan ya washe. Ina kallon kwalbar nan sai na ji biro ya faɗi a cikin kaina. An koya mana a makaranta cewa bututun awo dole ya tsaya cak, na rubuta a jarrabawa har na ci, amma ban taɓa ganin dalilin da idona ba sai a bakin murhun Inna. Ranar ban ci waken ba.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Na ɗaura mukullin ɗakin a zare na saki a gefen bututun. Zaren ya tsaya sak, bututun ya kauce masa. Ba da yawa ba, in ba ka sa zare ba ba za ka gani ba. Na sa abokin aikina ya ɗebi jinina na raba biyu, ɗaya a kan tebur, ɗaya a tsohon wurin jikin bango, na daidaita shi da zaren. Bayan awa guda na kan tebur ya ce ba ni da lafiya, na jikin bango ya ce garau nake. Na maimaita da jinin abokin aikin, haka. Na jawo littafin da muke rubuta sunayen waɗanda aka yi wa awo, na buɗe daga ranar da na matsar da tebur. Shafi ne bayan shafi, duk da rubutun hannuna.

Da na tashi aiki ban wuce gida wajenku ba, Limawa na nufa. Na sami Malam da Inna a tsakar gida bayan la'asar, na zayyana musu komai. Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, sannan ta juyo kaina.

"To shi ke nan, gobe ki mai da teburin inda yake, ki sake auna na Malam, ki ja bakinki ki yi shiru. Wa ya gani? Kina da 'ya'ya huɗu, kada ki je ki tona wa kanki asiri a raba ki da aikinki."

Na ce, "Inna, in na yi shiru na kawo takarda mai kyau, cewa za a yi na gyara wa ubana."

"Su ce mana! Bakinsu ne."

Malam ya gama tarinsa. Sannan ya ce, "Uwata, ni kaɗai aka auna a kan teburin nan?"

"A'a, Baba. Suna da yawa."

"Su kuma wa suke da shi mai aiki a can?"

Bai ce in yi ba, bai ce kada in yi ba. Inna ta tashi fuu ta shige ɗaki tana cewa mu biyun nan halinmu ɗaya, taurin kai kamar na jaki. Kada ku ɗauka tambayar Malam ce kawai ta tura ni. Tun a hanya na san abin da zan yi, tsoro ne dai nake ji, kuma na so in ji ko akwai wanda zai tsaya tare da ni. Abbanku ma da na gaya masa, sai ya ce in dai na tabbata, in je, tuwo ba zai gagare mu ba.

Washegari na nuna wa Oga Lawan zaren da bututun. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Hajara, kin san abin da kike shirin jawo mana kuwa? Mu gyara teburin nan yanzu, daga yau komai ya tafi daidai. Na baya ya wuce."

"Yallaɓai, bai wuce ba. Akwai waɗanda ake yi wa allura yanzu haka."

"To in aka tambaya wa ya matsar da tebur fa?"

"Ni ce. Haka zan rubuta. Ba zan sa sunan kowa ba."

Ya ce shi bai hana ni ba, amma bai aike ni ba. Na rubuta takarda shafi ɗaya na kai wa babban likita da hannuna. Tsiwar da Gwaggo Asabe take faɗa, ga ta nan: da aka tara mu, wani babba ya ce ɗan karkacen da ido ba ya gani ba zai canja komai ba, mace ce kawai take neman wanke ubanta. Na ce ya miƙo hannunsa in ɗebi nasa jinin, mu zauna awa guda. Babban likita ya yi murmushi ya naɗe hannun rigarsa, ya ce a ɗebi nasa. Muka zauna, manya guda biyar da ni, muna kallon bututu biyu kamar masu jiran ganin wata. Da awa ta cika, jinin da ke bututun kan tebur ya yi gudu, na wanda aka daidaita da zare kuwa ya nuna garau yake. Wannan awa ɗaya, 'ya'yana, ban taɓa jin tsayina ya kai haka ba.

Aka ba da umarni a nemo duk wanda ke cikin littafin, musamman masu tari, a sake aunawa. Waɗanda ke kusa ni na bi su da ƙafata bayan an tashi aiki. Gaskiya ita ce da yawansu karkacen bai cuce su ba: masu ciwon sosai ko a tsaye jininsu gudu yake, aka ci gaba da yi musu magani. Waɗanda abin ya taɓa su ne na tsakiya irin Malam, waɗanda likita ke wasiwasi a kansu. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai ƙosai a unguwar Takur, Iya Ladi. Na same ta a ƙofar gida, kaskon suyarta a kife, don tun da aka ce tarin fuka gare ta ba wanda ya sake sayen ƙosanta. An yi mata allura ta fi sati uku, kunnenta ɗaya har ya fara nauyi. Na durƙusa na gaya mata gaskiya, ban ɓoye cewa ni ce sila ba. Ta karkato kunnen mai ji, ta sa na maimaita.

Ta ce, "To 'yar nan, na ji. Allurar da aka riga aka yi min fa, za ki zare ta?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce sai ta yi tunani. Da aka sake aunawa likita ya dakatar da allurar, ni kuma na ɗauki sati guda kullum da safe ina tsayawa a bakin kaskonta da fararen kayan asibiti, ina cin ƙosai a tsaye kowa na gani, har layi ya dawo. Kunnen dai bai dawo ba. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku zaci uwarku ta fita daga maganar nan fes.

Na Malam ba ni na auna ba, na ƙi ko shiga ɗakin. Oga Lawan ne ya yi da hannunsa, babban likita na tsaye. Jinin ya ɗan sauka, irin na mai shekaru, bai kai ko kusa da na farko ba. Likita ya fasa allura, ya canja masa magani, ya hana shi zama kusa da hayaƙin icen da ake hurawa a zaure lokacin sanyi. Kafin wata biyu tarin ya tafi. Ni kuwa aka ba ni takardar tuhuma, aka tsallake ni a ƙarin girman da nake jira, aka mai da ni wani ƙaramin asibiti a wajen Jahun. Ban ce an zalunce ni ba, teburin ni na matsar. Amma na ji jiki. Abbanku yana aiki a Dutse sai ƙarshen mako yake zuwa mana a motar haya, ku kuka bar makarantarku da abokanku, Inna ta yi wata guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Shekara tara muka yi a can. Duk ɗakin awon da na shiga daga nan har na yi ritaya, abin da nake fara yi shi ne rataya zare da mukulli, kuma duk wanda na koya wa aiki sai ya fara da kwalbar kanwa kafin ya taɓa jinin mutum. Suna yi mini dariya, suna ce mini Hajiya Mai Zare, ni kuwa sunan daɗi yake mini.

Ranar da za mu tashi, mota na ƙofar gida an ɗaure katifu, na shiga yi wa Malam sallama. Tun daga soro nake jin karatun yara, sun dawo har da ƙari. Na same shi da maƙwabta uku sun sa hannu a kwano ɗaya, ana ta gardamar farashin gero. Ya ga na tsaya, ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Ina kwanon nan nawa mai jan ɗigo?"

Inna ta ce daga ciki, "Na ajiye zan ba masu gwangwan. Me za a yi da shi?"

"Kawo shi. Uwata za ta tafi da shi."

Ta kawo tana gunaguni. Ya karɓa, ya juya gindinsa ya dubi ɗigon, sannan ya miƙo mini da hannu biyu a gaban mutanen nan, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗa ba.

Ya ce, "Ki zuba wa jikokina a ciki."

Shi ne kwanon da kuka tashi kuna faɗa a kansa a Jahun, kowa na cewa yau shi zai ci a mai ja. Kun sha tambayata wa ya ɗiga masa jan farce, ina ce muku ku ci abincinku. Yana nan a kabad ɗina, ɗigon bai goge ba, kuma ban yarda wani ya kankare shi ba ko bayan raina.